Karan da Inna Ta Aiko

Ranar sadakar ukun Inna, mahaifiyata, mutane sun cika ƙofar gidanmu har sai da muka aro tabarmin masallaci. Daga Allah muka zo, gare shi kuma za mu koma. Kowa ya faɗa, ni ma na faɗa.

Masunta sun zo daga bakin kogi da ƙarnin kifi a rigunansu. Suka ce yanzu wa zai yi musu banda irin tata, wadda kifi ke zuwa har Kano bai ruguje ba? Mata suna cikin gida suna dakan gumba. Ina jiyo su, wata ta fashe da kuka, wata ta tuna wata maganar Inna ta yi dariya, sai kuma ta ce astagfirullah. Wani tsoho daga Kaugama, wanda ya shekara ashirin yana sayen irin albasa a wurinta, ya riƙe hannuna ya ƙi saki.

"Malam," in ji shi, "tsohuwarka ba ta taɓa sayar mini da iri ba sai ta haɗa mini da faɗa. Yau na zo, babu iri, babu faɗa."

Wajen la'asar mai kemis ɗin da ke kasuwar Guri ya iso. Ya durƙusa, muka yi addu'a, ya ce ya haƙuri, na ce da godiya. Har ya miƙe zai tafi, sai ya juyo.

"Allah sarki Inna. Rabona da ita wata biyar. Na ɗauka kun koma sayo mata maganin hawan jinin a Haɗeja."

Na ce masa, "E."

Ƙarya na yi. Ban taɓa sayo mata magani a Haɗeja ba. Kowane ƙarshen wata ina ba ta kuɗin a hannunta, ko in ce ina ajiye mata a bakin taga. Wannan maganar ta mai kemis ita ce ta sa na ɗauki biro. Ni malamin firamare ne, ba marubuci ba. Amma jikokinta za su girma, kuma ba na son abin da za su sani game da ita ya tsaya a kan cewa ta iya banda.

Ni ne ɗanta na fari. Duk wanda ya tashi a irin gidajenmu ya san abin da wannan ke nufi. Inna ba ta faɗar sunana, ba ta kallon idona, ba ta yi mini magana kai tsaye. Ina zaune a gabanta za ta dubi ƙanwata ta ce, "Gaya wa yayanki tuwonsa yana hucewa." Ƙanwata ta juyo ta gaya mini, kamar ba a kunnena aka faɗa ba.

Da aka yi wa ƙanwata aure aka kai ta Jahun, sai Inna ta rasa ɗan aike. Ba ta damu ba, ta koma kan kajinta. Da safe in na shiga gaishe ta, zan zauna a tabarma, ita tana kan kujera 'yar tsugunne da ƙwaryar tsaba. Ta watsa, kaji su taru, sai ta fara.

"Ku kaji, akwai wani da ke zuwa makaranta da riga wuyanta a yage. Ya tuɓe ya ajiye a kan turmi."

Ni kuma in ce, "Kaji sun ji."

Haka muka yi shekara goma sha wani abu. Ta bakin kajin nan na san ranar da ya kamata in sayar da shinkafa, da yarinyar da ta dace in aura, da lokacin da na yi wa Kawu rashin kunya ya kamata in je in ba shi haƙuri. A nan kuma, ina zaune, take jefa ƙwayar maganinta a baki ta kora da koko. Likita ya hana ta gishiri da goro tun da aka gano hawan jinin. Gishirin ta rage. Goron kuwa ta ce wa kaji likitan yaro ne, bai san zaman duniya ba.

Sana'arta biyu ce, kuma kogi ne ke raba mata su. In ruwa ya cika fadama, tana banda. In ya janye, tana renon irin albasa a bakin gaɓa, manoma su zo su saya su dasa. Duk wanda ya sayi iri a wurinta sai ta yanko karan dawa, tsawon taƙinta ɗaya, ta ɗora masa a kai. Wannan shi ne ma'aunin tazara tsakanin dashe da dashe.

"Albasa ba ta yin kai a cunkoso," haka take cewa. "Mai haɗama lawashi yake girba."

Shekarar da ambaliya ta cinye gonakin ƙauyukan gabas da mu, ta raba rabin irinta kyauta. Amma ko waɗanda suka karɓa kyauta ba su tsira daga karan ba, ba su tsira daga faɗan ba.

Matata 'yar Guri ce, kuma Inna ce ta zaɓe ta. Tun ranar da aka kawo ta take kiranta 'yata. Abin da ba za ta iya nuna mini ba, sai ta juye shi duka a kanta.

A shekara takwas matata ta haihu sau biyar. Yaro bai fara tafiya ba wani cikin ya shiga. Mata suna ce wa wannan kwanika, kuma ba da yabo suke faɗa ba. Nono ya ƙafe, sai madarar gwangwani. Wannan ya warke daga zazzaɓi, wancan ya kama gudawa. Ga ragon suna kusan kowace shekara. Albashina ba ya ganin tsakiyar wata. Abin da ke rufa mana asiri shi ne noman rani, da wani ɗan injin ban ruwa da na saya tun ina saurayi. A majalisa abokai suna tsokanata: "Malam, kai aji guda kake son haɗawa a gida, don ka huta da zuwa makaranta?" In yi dariya. Gaskiya ina jin daɗin maganar.

Matata ta taɓa gwada ni sau ɗaya. Ta dawo daga awo, tana ninke katinta, ta ce, "Malam, ma'aikaciyar ta ce in zo da kai."

Na ce, "Me zan yi a layin mata?"

Ba ta sake tayar da zancen ba.

Ranar sunan na biyar, mata suna ta shigo da zannuwa da sabulu. Ƙanwata, wadda ta zo daga Jahun, ta same ni a rumfa riƙe da faifai, tana danne dariya.

"Yaya, Inna ta ce a ba ka wannan. Wai barkarka ce."

Na ɗaga faifan da aka rufe da shi. Kara ne. Karan dawa, taƙi ɗaya.

Na gane nan take. Babu ɗan da ya tashi a gindin Inna da zai kasa ganewa. Amma tunda ba a faɗa da baki ba, ina da damar in yi kamar ban ji ba, kuma wannan damar na ɗauka. Na ce, "Ce mata na gode, amma dashen albasa da saura." Na cilla karan kan rufin rumfa.

Ta yi mini kara, ta aiko mini da kara. Ni kuma na laɓe a bayan kunyar tata.

Bayan kwana kaɗan na shiga gaisuwar safe. Ta watsa tsaba, kaji suka taru.

"Ku kaji," ta ce, "fadamar nan da ake mora, ai sai ruwa ya kwanta a kanta ta huta kafin a sake dasa ta."

Ban ce kaji sun ji ba. Na dubi zakaran na ce, "Bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci."

"Ku gaya masa ba maganar baki nake ba, maganar jini nake. Ya ja fatar idon yarinyar nan ya duba, fari fat kamar auduga. Mu a zamaninmu mace gidansu take tafiya, sai ta yaye take dawowa. Yanzu wane uba ne zai iya riƙe 'ya da jika shekara biyu? An ce asibiti suna da dabara. A je a tambaya. Tambaya ba ta taɓa zama zunubi ba."

Na ce, "Wannan ba maganar kaji ba ce." Na tashi na fita ban yi mata sai anjima ba. Wannan ita ce kaɗai rigimar da na taɓa yi da mahaifiyata, kuma ko a cikinta ba mu dubi juna ba.

Ciki na shida ya zo kamar sauran. Yana wata takwas, a tsakiyar damina, ƙafafun matata suka kumbura, jiri ya riƙa kayar da ita. Wata safiya jini ya ɓalle mata. Ruwa ya riga ya yanke hanya, sai a kwale-kwale muka fito da ita zuwa bakin titi, daga nan mota ta kai mu Haɗeja. Inna ta riƙe kanta a cinya tun daga gida har asibiti.

Likita ya ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai, sai an ƙara mata, kuma sai an yi aiki an ciro ɗan. Na ba da jinina, ƙanenta ya ba da nasa, bai isa ba. Ga magunguna, ga kayan aiki. Ina tsaye a nan na buga waya gida na sayar da injin ban ruwan, a kan kuɗin da mai saye ya ga dama, don ya ji muryata ya san ba ni da lokacin ciniki.

Da azahar, an shiga da ita, na fito waje. Inna tana zaune a ƙasa gindin darbejiya da carbi a hannu. Babu kaji, babu ƙanwata. Na zo zan wuce, sai na ji an kira sunana. Sunana na yanka. Na waiga ina neman mai kiran, don ban san yadda sunan yake a muryarta ba. Shekarata arba'in da ɗaya a lokacin.

"Zauna," ta ce.

Na zauna.

"Kana wata bakwai na sami ciki. Ba a kai ni gida ba, don a shekarar ubana ya rasu. Kai ka rame har aka fid da rai da kai. Shi kuwa ƙanen naka kwana tara ya yi a duniya. Ni na yi wata uku ban iya ɗaga tulu ba. Babu wanda na taɓa gaya wa a cikinku. In Allah ya tashi kafaɗun yarinyar nan, ka bar ta ta huta. Ba kaji nake gaya wa ba. Kai nake gaya wa."

Na ce, "To, Inna."

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Daga ranar ba ta sake faɗar sunan ba.

Allah ya tashi kafaɗunta. An sami mace, muka sa mata sunan Inna. Da za a sallame mu likita ya ce sai an dage mata da maganin ƙarin jini da abinci mai kyau, hanta, ƙwai, kifi, wake, zogale, har na tsawon watanni. Na gyaɗa kai kamar har yanzu ina da injin ban ruwa.

Muna isa gida Inna ta sa aka kai kayan matata ɗakinta, wai wankan jego. Wannan al'ada ce, ban hana ba. Aka yi arba'in, ba ta sake ta ba. Na shiga da safe, ta watsa tsaba.

"Ku kaji, arba'in ɗin bana doguwa ce."

Raina ya ɓaci. Na riga na ce mata to a gindin darbejiya, ga shi tana tsare mini mata kamar ɓarawon da aka yafe wa amma aka ƙara wa ƙofa kwaɗo. Haka na fassara abin. A majalisa kuma an sami sabon abin dariya. Sai na daina zama. In tsaya a bakin ƙofa in ce ina kwana, ta amsa, in wuce makaranta. Ƙarshen wata in ajiye kuɗin maganinta a bakin taga. Ina ganin tabarmata a shimfiɗe inda na saba zama, in kau da kai.

Alkawarin kuwa na cika shi. Ranar da za a kai jaririya rigakafi na ɗauki matata a babur zuwa asibitin Guri, na shiga layin matan nan da na raina. Wata tsohuwa ta ce, "Malam, kai ma awon ka zo?" Aka kwashe da dariya. Ma'aikaciyar ta zaunar da mu ta yi mana bayani, akwai allura, akwai ƙwaya, akwai wani ɗan abu kamar tsinken ashana da ake sa wa a damtse. Matata ce ta zaɓa da kanta, ta ce ashanar. Kafin jaririyar ta gama kukan allurarta an gama. Abin da muka kashe ranar, har da man babur, bai kai kuɗin kwanon shinkafa ba. A hanyar dawowa injina nake ta tunawa, da ledojin jinin nan.

Amma ban gaya wa Inna ba. Ta yaya mutum zai gaya wa mahaifiyarsa irin wannan, ko da ta bakin kaji ne? Wannan shi ne uzurin da na ba kaina. Gaskiyar ita ce ina jira ta sauko da kanta.

Matata ta fara murmurewa. Kumatu suka dawo, tafin hannunta ya yi ja. Ina ganin tsiren hanta yana shiga ɗakin, ina ganin kwalaben maganin ƙarin jini. Na ce wa kaina kuɗin banda ne. Alhali na san ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa a shekarar, kifi ya yi wuya, murhun bandar Inna yakan yi mako ba a hura shi ba. Kowa a garin ya sani. Ban tambaya ba, don tambaya tana jawo amsa, amsa kuma tana tura hannu aljihu, aljihun kuwa babu komai.

Da sanyi ya shigo, irin albasarta ya isa dashe. Wata safiya tana sunkuye a bakin gaɓa tana yayyafa masa ruwa, ta faɗi. Masunta ne suka ɗauko ta. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace. A Haɗeja likita ya tambaye ni ko tana shan maganinta. Na ce, "Kullum." Da zuciya ɗaya na faɗa. Kwana huɗu ta yi ba magana, tana bin mu da ido. A karo na farko tana kallona ba ta kau da kai ba. Ran na huɗu bayan azahar ta cika.

Da mai kemis ya tafi, jama'a suka ragu, na shiga ɗakin Inna na kira matata. Na gaya mata abin da ya ce. Ta dafe ƙirji.

"Wallahi Malam ban sani ba. Kullum da safe ina ganinta tana buɗe kwalbar, ta jefa a baki ta kora da koko. Da idona."

Muka ɗaga murfin langar da take ajiya a ciki. Ga kwalbar maganin. Na zazzage a tafin hannuna. Tsabar farar dawa ce.

Matata ta zube a ƙasa. Tana cewa ita ta cinye ran Inna, ita ta ci hantar. Na ce mata ta yi shiru, kwana ne ya ƙare, kuma in akwai mai laifi ba ita ba ce. Ita ba ta san kamannin ƙwayar ba. Ni na sani. Shekara shida ina kallon Inna tana haɗiyarta. Da na zauna a tabarmar nan ko sau ɗaya, da na gane.

Da ta lafa na tambaye ta abin da ke cina. "Ta san mun je Guri? Ta san abin da aka yi?"

"Ta sani. Washegari tana cuɗa mini baya ta ga filasta a damtsena. Ta shafa wurin da yatsa ta ce, ''Yata, shi ya kai ki ko ke kika kai kanki?' Na ce shi ya kai ni, har layi ya bi. Ta yi ta dariya har da hawaye."

"To me ya sa ba ta sake ki ba?"

"Ta ce sai jinina ya cika. Wai in na koma ɗakina yara biyar za su cinye hantar, ni in lashi tsinke."

Ashe ba ni take tsarewa ba. Hanta take tsarewa.

"Kuma ta ce tana da wata magana da za ta gaya wa kaji, ranar da ka shigo ka zauna. Shi ya sa kullum take shimfiɗa tabarmar."

"Don me ba ki gaya mini ba?"

"Ta hana ni. Ta ce ba a aika wa ɗa ya zo ya zauna wurin uwarsa."

Ban san abin da za ta gaya wa kajin ba. Ko sa albarka ne, ko tsokana ce a kan layin mata, ko kuwa za ta ce maganinta ya ƙare. Na juya abin a raina ta kowace fuska. Babu wanda zan tambaya.

Bayan sadakar bakwai na hau kan rumfa na laluba cikin ruɓaɓɓiyar zana. Karan yana nan. Damina biyu ta dake shi, ya yi baƙi, amma bai karye ba. Irin da ta bari a bakin gaɓa na cire shi, Kawu ya ara mini injinsa, na dasa a gonata. Da karan nake aunawa, dashe bayan dashe. Maƙwabcin gonata ya ce na bar fili da yawa. Na ce masa haka mai irin ta ce.

Allah ya jiƙan Inna, ya yalwata mata makwanci kamar yadda ta so kowane dashe ya sami yalwa. Ya karɓi dawar nan da ta haɗiya a matsayin sadaka. Mu kuma ya yafe mana abin da muka gani muka kau da kai.

Ranar arba'in da safe, kafin mutane su taru, na shiga tsakar gidanta na shimfiɗa tabarmar da kaina. Na zauna. Matata tana bakin ƙofa goye da mai sunan Inna. Na buɗe kwalbar na watsa dawar, kajin suka taho da gudu kamar yadda suka saba.

Na ce, "Ku gaya mata na zo. Ku gaya mata na zauna."

Suka tsince tsabar tas, suka ɗaga kai suna duban kujerarta.